Yadda ake tantance ingancin kayan gyara kafin a ɗaura wa tsohuwar mota

Duk wanda ya ɗauko tsohuwar mota da niyyar mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ko Volkswagen Beetle ce, ko Peugeot 504, ko Mercedes W123, ko MGB ta Ingila, ba ya daɗewa yake gane cewa samun kaya ba shi ne abin wahala ba. Intanet cike take da su. Inda gizo ke saƙa shi ne, za ka ga abu biyu masu kama ɗaya, lamba ɗaya, hoto ɗaya, amma ɗaya ya yi shekara ashirin yana aiki, ɗayan kuwa ya mutu kafin ka yi juyen mai na farko.

Akwai dalilin da ya sa kayan banza ke daɗewa a wannan kasuwa ba tare da asirinsu ya tonu ba. Aikin farfaɗo da mota yakan ci shekaru. Mutum ya sayi kaya yau, ya ajiye a kan kanta, sai bayan shekara biyu ya ɗaura, lokacin garanti ya riga ya ƙare. Bayan an gama aikin ma, motar ba kullum take hawa titi ba. Saboda haka mai sayarwa ba ya jin kuka da wuri, mai ƙerawa kuma ba ya ganin dalilin gyara aikinsa. Binciken da ya kamata su yi, kai zai faɗo wa. Ga yadda ake yinsa.

Mataki na 1: Kada ka jefar da abin da ka kwance

Wannan ne ginshiƙin komai. Tsohon abin da ka cire, ko ya karye, ko tsatsa ta ci rabinsa, shi ne ma'aunin da za ka gwada sabon da shi. Ka ɗauki hotonsa tun yana jikin motar, ka cire, ka wanke, ka sa a leda, ka rubuta inda ya fito da ko na dama ne ko na hagu. Har tsohuwar robar ƙofa da ta bushe ta farfashe, ka yanko ɗan guntu ka ajiye, domin siffar bakin yankan ce za ta nuna maka ko sabuwar ta dace. Babu abin da zai bar garejin sai motar ta gama haɗuwa ta yi tafiya.

Akwai wata riba kuma. Sau da yawa tsohon abin ya fi sabon da ake tallatawa, gyara kawai yake so. Kafireta ta asali, distiributa, kik, silindar birki, famfon ruwa, duk ana sabunta su. Silindar birki da cikinta ya cinye, ana iya rarake ta a zura mata sabon bututu na tagulla ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, ta koma aiki da jikinta na asali.

Mataki na 2: San ainihin motar da ke gabanka

Sunan mota da shekara ba su isa oda ba. Kamfanoni suna canza kaya a tsakiyar shekara. MGB da aka ƙera daga 1962 zuwa 1980 ta canza cikin injinta a 1964, sannan a 1974 aka sa mata bamba ta roba aka kuma ɗaga tsayinta daga ƙasa, abin da ya shafi kayan ƙafarta. Beetle da ake kaiwa Amurka ta tashi daga wutar volt 6 zuwa 12 a samfurin 1967. Wanda ya yi oda da suna kawai, sa'a yake gwadawa.

Ka nemo lambar shasi da lambar inji da lambar giya. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da aka saba gani yanzu, sai a 1981 ta zama doka a Amurka, don haka tsofaffin motoci kowane kamfani da nasa tsarin. Sai ka samo littafin jerin kaya na kamfanin, wanda ke da zane da lambar kowane abu, da bayanin daga wace lambar shasi zuwa wace ake amfani da shi. Ka kuma tuna cewa mota mai shekara hamsin ta bi ta hannun makanikai da yawa. Ba mamaki injin da ke cikinta ba nata ba ne. Ka gaskata lambar da ke jikin ƙarfen, ba wadda ke kan takarda ba.

Mataki na 3: Raba kayan gida uku

Kafin ka kashe kuɗi, ka zauna da jerin abubuwan da kake buƙata ka raba su. Gida na farko, waɗanda in sun gaza rai ne a kai: birki, sitiyari, kayan ƙafa, taya, tiyon fetur, bel ɗin kujera. Gida na biyu, waɗanda in sun gaza za su tsayar da kai a hanya, ko kuma canza su na nufin sauke inji: kuloci, boris, gaskit ɗin kan inji, sil-sil ɗin mai, kayan wuta. Gida na uku, kayan ado.

A gida na farko babu ciniki da inganci. A na biyu, ka lissafa kuɗin aiki, ba kuɗin kaya kaɗai ba. Boris ɗin kuloci ƙaramin abu ne, amma in ya fara kuka sai an raba inji da giya kafin a kai gare shi. A nan ne ake cewa araha ba ta ado. Gida na uku kaɗai ne za ka iya sassautawa, tunda madubi ko marfin taya in bai yi ba, minti biyar ne ka cire.

Mataki na 4: Gane irin kayan da ake miƙo maka

Kayan tsofaffin motoci da ba a taɓa ɗaurawa ba, ba su wuce iri huɗu ba, kuma kowanne da inda yake da kyau da inda yake cuta.

Akwai tsohon ajiya, wato kayan asali da aka ƙera tun zamanin motar amma ba a taɓa ɗaurawa ba, masu sayarwa na rubuta musu NOS. In ƙarfe ne, ko fitila, ko makunni, ko kayan ado, babu kamarsu. In kuwa roba ce, ko abu mai roba a ciki, ka yi hattara. Roba tana tsufa ko a cikin kwali. Silindar birki mai shekara arba'in a ajiye jikinta lafiya lau, amma sai an canza robobin cikinta kafin ta hau mota. Haka kuma tsofaffin takalman birki da farantin kuloci da wasu gaskit na wancan zamani suna ɗauke da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare wanda ƙurarsa ke jawo cutar huhu da ciwon daji. Birtaniya ta haramta shi a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Ostareliya kuma tun 2003, har takan tsare tsohuwar mota a tashar jirgin ruwa saboda shi. Kada ka goga irin waɗannan da takardar yashi, kada ka hura musu iska.

Na biyu, kayan da kamfanin motar ya dawo yana ƙerawa, ko ya ba da izini a ƙera. Mercedes-Benz na da cibiyar tsofaffin motocinsa a garin Fellbach na Jamus tun 1993. Porsche na da sashensa. Nissan ya fara sake fitar da kayan Skyline GT-R R32 a 2017, Toyota ya biyo baya a 2020 da kayan Supra. A Ingila, British Motor Heritage na buga bodin MGB sukutum tun 1988 da ainihin ƙarafan bugawar da kamfanin ya yi amfani da su. Irin waɗannan sun fi tsada, kuma galibi sun fi zama daidai.

Na uku, kayan kamfanonin da tun farko su ne suka ƙera wa mai motar. Kamfanin mota ba ya yin komai da kansa. Bosch, ATE, Sachs, Mahle, Hella, Valeo, su da ire-irensu ne suka yi kayan wuta da birki da kuloci da fistin. In ka duba jikin tsohon abin da ka ajiye, za ka ga tambarin wanda ya yi shi da lambarsa. Ka nemi abin da wannan lambar, sau da yawa za ka same shi da rangwame. Sai dai suna a kan kwali ba ya nufin masana'antar da ka sani. Kamfanin Lucas na Ingila ya haɗe da Varity a 1996, TRW ya saye su a 1999, kuma sunan yanzu lasisi ake bayarwa a buga shi a kan kaya. Koren kwalin da aka san Lucas da shi yana nan, amma ba hujja ba ce cewa abin da ke ciki irin na da ne.

Na huɗu, kwaikwayo marar suna. A nan akwai mai kyau ƙwarai, akwai na zubarwa, kuma hoto ba ya bambanta su. Wasu an kwafe su ne daga wani kwafin, kowane kwafi na ƙara kuskuren wanda ya gabace shi.

Kayan hannu da aka ciro daga wata motar su ma zaɓi ne, musamman ƙofa, bonet, gilashi da kayan ciki. Ƙofar asali mai ɗan tsatsa a gindi takan fi sabuwar kwaikwayo sauƙin zama.

Mataki na 5: Yi wa mai sayarwa tambaya

Tambayoyi uku sun isa: wa ya ƙera, kana da wani iri da ya fi wannan, kuma in bai dace ba za ka karɓa? Ƙwararren mai sayarwa zai gaya maka kai tsaye cewa wannan madigadin sai an ɗan yi masa aiki a gefen fitila. Wanda ya ce komai nasa yana zama cif ba tare da gyara ba, ko bai taɓa ɗaurawa ba, ko ba ya son ka sani. Ƙungiyoyin masu irin motarka su ma sun san wane kaya ne ke ba da matsala a bana, domin inganci na canzawa daga jigila zuwa jigila.

Mataki na 6: Bincika kayan a ranar da suka iso

Kada ka ajiye kwali a rufe. Ka buɗe a ranar, ka ɗora sabon kusa da tsohon a kan tebur mai haske. Kayan awon da kake buƙata kaɗan ne: ma'aunin kalifa, sikeli, maganaɗisu, ma'aunin zaren noti, da mitar lantarki.

Fara da sikeli. In sabon ya fi tsohon sauƙi sosai, alhali tsohon ma ya sha tsatsa, an rage wani abu. Sai ka auna tazarar ramuka, kauri, da tsawo.

Ƙarfen bodi. Yawancin fatar bodin tsofaffin motoci tana tsakanin milimita 0.8 zuwa 1, sassan da ke ɗaukar nauyi sun fi haka kauri. Ka auna a gefen da babu lanƙwasa. Ƙarfen da bai kai kauri ba yana ƙonewa a walda, yana kuma murɗewa da zafi. Dubi layukan da aka buga a jikinsa: na asali suna da kaifi, na kwaikwayo marar kyau sun yi laushi kamar an shafe su. Baƙin fentin da ke kansa ma ka gwada shi. Jiƙa tsumma da tina, wato ruwan tsinka fenti, ka goga a wani lungu. In baƙin ya biyo tsumman, fentin jigila ne kawai, sai an kankare shi tas kafin a yi fenti a kai. In bai motsa ba, shafin lantarki ne na gaske, ana iya goge shi sama-sama a ci gaba.

Roba. Lanƙwasa ta sosai ka duba bayan lanƙwasar a haske, in ƙananan tsaga sun bayyana, mayar da ita. Danna farce ka ga ko za ta dawo. Kwatanta bakin yankanta da guntun da ka ajiye. Robar ƙofa da ta fi ta asali tauri ko kauri za ta hana ƙofa rufuwa, har mutum ya kama gyara maƙallan ƙofar da ba su da laifi. A robobin birki, nau'in mai ne ke yanke hukunci. Robar da aka yi don man birki mai lamba DOT 3 ko DOT 4 tana kumbura in ta taɓa man ma'adini. Citroën ta koma koren manta na LHM, wanda man ma'adini ne, a 1966, kuma robobin tsohon tsarin da na sabon ba sa musanya. Tiyon birki mai kyau yana ɗauke da rubutun SAE J1401 a jikinsa. Tiyon fetur kuwa, ka nemi mai J30 R9, domin fetur ɗin ƙasashe da yawa yanzu yana da ethanol a ciki, Birtaniya ma ta mayar da E10, wato fetur mai ethanol har kashi goma cikin ɗari, fetur ɗinta na yau da kullum a Satumban 2021, kuma ethanol na cin tsohuwar roba. Tiyo mai saƙar zare a waje yana da kyan gani irin na da, amma saƙar tana ɓoye tsagewa, don haka in babu rubutu a jikinsa, kada ya kusanci fetur.

Taya. Alƙaluma huɗu na ƙarshe a lambar DOT da ke gefen taya su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2419 na nufin mako na 24 a 2019. In uku ne kawai, an yi ta kafin 2000, komai zurfin zanenta ta gama aiki.

Bol da noti. Nan ne mutane ke sakaci. Kan bol yana ɗauke da darajarsa: 8.8, 10.9 ko 12.9 a tsarin milimita, a tsarin inci kuma layi uku daraja ta 5 ce, layi shida daraja ta 8. Bol marar alama ba ya shiga ƙafar mota ko birki. Na ƙarfen da ba ya tsatsa yana burge ido, amma mai rubutun A2-70 bai kai 8.8 ƙarfi ba, ka bar shi a kan kayan ado. Zare ma ka auna. Tsofaffin motocin Ingila na da zare irin Whitworth da BSF masu kusurwar digiri 55, daga baya suka koma UNF da UNC masu digiri 60. Kwaikwayo yakan zo da zaren milimita a inda ya kamata a ga na inci. Zai shiga zagaye biyu ko uku sannan ya cije. In ka ji haka, kada ka sa sifana, cire shi. A kan bututun birki irin wannan kuskure yana iya kama kamar ya ɗauru, ya saki a ranar da ka taka da ƙarfi.

Boris. Jabunsa ya yi yawa har manyan kamfanoni irin su SKF suka fito da manhajar waya ta tantance kayansu. Ka saya wurin dilan da kamfanin ya amince da shi. Juya shi a hannu, kada ka ji yashi ko tsalle.

Kayan wuta. Ƙananan abubuwan cikin distiributa su ne suka fi tsayar da motocin da aka gama gyarawa. Rotar kwaikwayo ta distiributar Lucas ta yi ƙaurin suna: ƙusar da ke riƙe tagullar samanta ta yi kusa da sandar tsakiya, baƙar robar kuma ba ta tare wuta sosai, sai tartsatsin ya zille ƙasa in inji ya yi zafi. Motar ta mutu, ta huce, ta tashi kamar ba ita ba. Nemi rotar da aka zuba tagullarta cikin jiki ba tare da ƙusa ba. Kwandansa ya kamata mita ta nuna kusan microfarad 0.2, sai dai ka sani wasu suna cin jarrabawa a sanyi su faɗi a zafi, don haka tsohon da ke aiki ya zauna a aljihun mota. Kwayil ɗin volt 12 marar resisto yana nuna kusan ohm 3 tsakanin ƙananan wayoyinsa biyu, mai tafiya da resisto kusan 1.5. Musanya su na ƙona kwantak ko raunana wuta.

Tamostat kuwa, rataya shi cikin tukunyar ruwa tare da ma'aunin zafi, ka ga ko ya buɗe a lambar da ke jikinsa.

Kurom, wato shafin sheƙi na bamba da kayan ado. Mai kyau hawa uku ne, tagulla, nikel, sannan kurom siriri a sama, kuma nikel ɗin ne ke tare tsatsa. Juya bamba ka dubi bayanta da lungunanta. In ka ga wurin ya yi rawaya-rawaya ko akwai layukan gurzawa a ƙarƙashin sheƙin, ba za ta jure ruwan sama ba.

Mataki na 7: Ɗaura komai kafin fenti

Duk abin da zai taɓa bodi, ka gwada shi tun motar tana ƙarfe tsirara ko tana da shafin farko: ƙofofi, bonet, bamba, fitilu, gilashi, kayan ado, har da robobin ƙofa. Kada a walda sabon ƙarfe sai an riƙe shi da matsi ko ƙananan sukurori an rataya ƙofar da ke kusa da shi, an ga tazarar ta daidaita daga sama har ƙasa. Ko ƙarfen asali na kamfani yakan so ɗan bugu, domin motocin wancan zamani da hannu ake daidaita su, taka kuma ta sha hanya. Ɗan bugu daban, yanka da ƙari daban. In sai an tsaga madigadi an ƙara masa ƙarfe kafin ya hau, kuɗin aikin ya cinye rangwamen. Ka kuma tuna cewa da zarar ka huda ko ka fenta abu, babu mai karɓarsa.

Mataki na 8: Canza ɗaya-ɗaya, ka rubuta

In motar tana tashi, kada ka canza kwayil da kwandansa da rota da fulogi a rana ɗaya. In ta ƙi tashi, ba za ka san mai laifin ba. Canza ɗaya, tayar, bari ta yi zafi, sannan na gaba.

Kafin ka ɗora wa kaya laifi, duba yadda aka ɗaura shi. Bushin ɗin roba na ƙafa ana ƙarasa ɗaure shi ne bayan motar ta sauka a kan tayoyinta. In aka ɗaure tana rataye a jak, robar na zama a murɗe, ta yage cikin watanni ko da ta kamfani ce. Sabon famfon fetur na lantarki ma yakan tura mai fiye da kima, alhali kafireta irin SU ko Weber matsin kusan psi 3 take so, sai ta yi ambaliya a ce ita ce ba ta da kyau.

Ka buɗe littafi, kowane abu ka rubuta lambarsa, wanda ya ƙera, inda ka saya, ranar da ka ɗaura da kilomitar da mitar motar ke nunawa, ka ajiye rasit da murfin kwali. Bayan kilomita 500 na farko, ɗaga motar ka bi ƙarƙashinta da fitila: sake gwada ɗaurin bol-bol ɗin ƙafa, shafa yatsa a kowace mahaɗar birki da ta fetur ka ga ko akwai danshi, lanƙwasa tiyoyin ka dubi bayansu, sannan ka girgiza kowace taya sama da ƙasa don jin ko boris ya saki.